Ɗaukar Bidiyo a Ruwa: Yadda Ake Tsare Kyamara da Yadda Ake Zaɓen Mai Sauƙin Kuɗi

Kyamarar farko da ruwa ya cinye mini, a bahon wanki ya cinye ta, a tsakar gidanmu, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Na sayo ta da kwansonta na roba mai hana ruwa shiga, mai shagon ya ce har mita 30 tana zuwa, ni kuma ɗoki bai bar ni na karanta ko layi ɗaya na takardar da ke cikin kwalin ba. Na saka, na datse, na tsoma. Ba a yi minti biyu ba na hango wani siririn ruwa yana gangarowa ta cikin gilashin, sikirin ya yi ƙifta biyu ya ɗauke. Da na buɗe murfin, sai ga silin gashi guda kwance a gicciye kan robar. Ƙanena da ke tsugune kusa da ni ya ce, "Yaya, gashi ɗaya ne fa." Gashi ɗaya ne kuwa, kuma shi ya tafi da kuɗin aikin biki biyu.

Mai shagon bai yi mini ƙarya ba, kwanson lafiyarsa ƙalau. A ranar na gane cewa abin da ke tsakanin kyamara da ruwa wata 'yar roba ce da kaurinta bai wuce na tsinken ashana ba, sai kuma hannun wanda ya rufe ta. Kuɗi suna saya maka hoto mai kyau da zurfi, amma kyamarar miliyan ma gashi ɗaya ya ishe ta.

Mataki na 1: Wane irin ruwa za ka shiga?

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka wannan. Akwai ruwan da ke zuwa ya same ka: na sama a tsakiyar biki cikin watan Agusta, feshin kwale-kwale a kogin Kwara ko Binuwai, tsartuwar ruwan Gurara. Akwai wanda kai za ka tsoma kyamara a cikinsa, mita ɗaya zuwa uku: tafki, dam, wurin ninƙaya na otal. Sannan akwai nutso na gaske da tukunyar iska a baya, irin na Bahar Maliya. Galibinmu a biyun farko aikinmu yake, kuma wanda ke ɗaukar biki da damina ba ya buƙatar kwanson mita 60, leda mai kauri da dabara sun ishe shi.

Ka kuma duba ruwan da idonka. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifi a bikin Argungu ya san abin da nake nufi: da zarar an ba da alama dubban masunta sun faɗa da homa da gora, ruwan ya koma kunu. Ko kyamarar da ta fi kowace tsada ka tura ƙasa, laka za ta ɗauko maka. A irin wannan wuri hoton yana saman ruwa, daidai inda fuska da kifi ke ɓullowa, don haka abin da kake nema kyamarar da ba ta tsoron jiƙewa da faɗuwa. Ruwan Wikki na Yankari kuwa garai-garai yake, kana ganin yashin ƙasa, zafinsa digiri 31 rani da damina, zurfinsa wajen mita 2. Can ne ƙaramar kyamara mai araha za ta ba ka hoton da za a rantse daga waje aka ɗauko. (Sai dai ka riƙe jakarka da kyau, gwaggon birin Yankari ba ya jin kunyar baƙo.)

Mataki na 2: Koyi karanta lambar jikin kwali

Za ka ga IP da lambobi biyu a bayansa, kamar IP67 ko IP68. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce. Inda ka ga X, ba a gwada wannan ɓangaren ba.

IPX4 yayyafi ne da tsartuwa kawai. IPX5 da IPX6 feshin ruwa ne mai ƙarfi, irin na tiyo. IPX7 na nufin an tsoma abin a zurfin mita 1 na minti 30 ya fito lafiya. IPX8 kuma ya wuce mita 1, amma kamfanin ne ke faɗin iyakarsa, shi ya sa wayoyi biyu za su ce IP68 alhali ba ɗaya suke ba: manyan wayoyin Samsung Galaxy S mita 1.5 ne na minti 30, iPhone 12 da na bayanta (ban da SE) mita 6 na minti 30. In kwali ya ce IPX8 bai faɗi mita nawa ba, ɗauka bai ce komai ba.

Duk waɗannan gwaje-gwaje a ruwa mai tsabta, wanda ba ya motsi, da sabon kaya ake yin su. Ba a gwada da ruwan gishiri, ko mai sabulu, ko da mutum ya diro daga kan gada da kyamara a hannu. Wayar da ta sha faɗuwa, ko wadda mai gyara ya taɓa ɓalle bayanta ya mayar da gam, ta daina zama IP68 ko da kwalin yana nan. Kamfanonin wayar ma garantinsu ba ya biyan ɓarnar ruwa.

Don ka ji abin da zurfi ke yi: kowace mita 10 tana ƙara nauyin kusan kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i. Murfin ƙaramin kwanso mai tsawon santimita 6 da faɗin 4, a mita 10 yana ɗauke da kilo 24, kusan rabin buhun siminti. Jakar leda ba ta fashewa nan take, matsewa take yi ta manne da kyamara har maɓallan su danne kansu.

Mataki na 3: In ruwan sama ne kawai matsalarka

Babbar kyamararka ta aikin biki, ko da an ce tana jure laima, yayyafi ake nufi, kuma sai gilashin da ka ɗaura mata shi ma mai roba ne a gindinsa. Ƙananan Canon da Nikon da yawancinmu muka fara da su ba su da wannan kariyar ko kaɗan.

Ga yadda nake yi. Samo leda fara mai kauri wadda ake gani ta cikinta, babba, wadda hannuwanka biyu za su shiga. Ɗaura wa gilashin filta mara launi, sannan hularsa, wato robar nan da ke kewaye bakinsa don tare hasken rana. Yanka rami a gindin ledar, ɗan ƙasa da faɗin hular, ka zura ta ciki yadda ledar za ta kama ta tam, ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi biyu, ka bi da baƙin salatif na masu wayarin. Bakin ledar ya kalli ƙasa, ta nan hannunka zai shiga. Kada ka ƙulle shi: in ka rufe ko'ina, zafin kyamara da na hannunka za su haɗa gumi a ciki, ka tsere wa ruwan sama ka faɗa na ɗaki. Akwai rigunan kyamara na sayarwa da aka ɗinka don haka, sun fi kyan gani a gaban iyayen amarya, amma aikin ɗaya ne.

Sauran kuwa sai yaron aikinka da babbar lema. Ka gaya masa tun farko kyamara yake tsarewa, ba kai ba, domin girmamawa za ta sa ya rufe kanka ya bar kayan a waje. Tawul ƙarami a wuya, tsummar goge gilashi biyu a aljihun da ruwa ba ya kaiwa. Kada ka canza gilashi ko batir a fili. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto da na'urar daidaita girgiza, su kam a mayar da su mota tun hadari na haɗowa. Fitilun da ke jone da janareta a kashe, haka in aka fara tsawa a sauka daga fili, ƙafar kyamara ƙarfe ce.

In kuma ruwan kake so ya fito a hoto, haske ya zo daga bayansa ko gefe, bango ya zama mai duhu. In ka haska shi ta gaba, ko ana yin sa kamar da bakin ƙwarya ba zai fito ba.

Mataki na 4: Zaɓen wadda za ta shiga ruwa

Ka'idata guda ce: kada ka tsoma abin da in ya mutu sana'arka za ta tsaya. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar saka babbar kyamararsa a jakar ruwa mai laushi, irin na DiCAPac ko Ewa-marine, sai in a saman ruwa zai tsaya kuma ya gwada jakar a ranar. Kwanson gaske na babbar kyamara, irin na Nauticam ko Ikelite, sau da yawa ya kai kuɗin kyamarar ko ya fi, kuma kowane samfuri da nasa. Seafrogs suna yin masu sauƙi, amma su ma ba kayan mai koyo ba ne.

Mafi araha shi ne jakar waya mai datsewa a baki. Tana yi a wurin ninƙaya da kwale-kwale. Sikirin ba ya jin yatsa a ƙarƙashin ruwa, don haka ka kunna ɗauka tun kana sama, ko ka yi amfani da maɓallin ƙara sauti. In kana da tsohuwar waya, ita za ka saka.

Sama da ita sai ƙananan kyamarorin Sin, irin su SJCAM SJ4000 da Akaso EK7000, waɗanda ba su kai dala 100 ba. Su kansu ba sa jure ruwa, kwanson da ke zuwa da su ne ke kai su mita 30. Da rana tsaka, a ruwa mai tsabta, hotonsu ba laifi. Da yamma ta yi ko ruwa ya yi duhu sai hoton ya cika da yashi-yashi. Kuma 4K, wato ma'aunin fitar hoto da ya fi 1080, da ke rubuce a kwalin da yawa daga cikin 'yan wannan aji, musamman marasa suna, hura hoto ne kawai aka yi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki allon wani shago mai ƙananan rubutu a 4K, sake ɗauka a 1080, ka buɗe su a kwamfuta. In rubutun bai ƙara fitowa ba, bar ta a 1080 ka huta da cika memori. Akaso Brave 7 LE ta ɗan ɗara su, jikinta IPX7 ne, kwansonta kuma mita 40.

Inda na fi ganin kuɗi na biyan kansu shi ne ƙananan kyamarorin kamfanin GoPro ko DJI na hannu. Tun daga HERO5 Black ta 2016, manyan GoPro suna shiga mita 10 babu kwanso, da kwanson kamfanin kuma na yanzu suna kai mita 60. HERO12 da HERO13 sun fito a kan dala 400, amma tsofaffin suna faɗuwa sosai a kasuwar hannu. In da hali fara daga HERO9 ta 2020: gilashin gabanta ana murɗe shi a canza in ya tsage, abin da HERO8 ba ta yi, kuma batirinta ɗaya ne da na 10 da 11 da 12. HERO13 ce ta canza batir. A wajen DJI, Osmo Action 3 tana zuwa mita 16 tsirara, wato babu kwanso, Action 4 mita 18, Action 5 Pro mita 20. Action 4 na'urar kama haskenta ta fi ta GoPro na zamaninta girma, kuma a ruwanmu mai duhu wannan ya fi yawan lambobin 4K da 5K amfani.

Akwai kuma Olympus Tough TG-6 ta 2019 da ƙanwarta TG-7 ta 2023: mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2, tana jawo abu kusa, kuma wajen ɗaukar ƙananan abubuwa kamar ƙwan kifi ba ta da na biyu a ajinta. Mai kiwon tarwaɗa da ke son nuna 'ya'yan kifinsa ga masu saye, ita zan nuna masa. Bidiyon gudu da girgiza kuwa GoPro da DJI sun fi ta.

In za ka sayi ta hannu, a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada kunya ta hana ka bincike. Buɗe ƙofar batir ka dubi robarta da fitilar waya: kada ta tsage, ta bushe ko ta ɓantare. Leƙa ramin caji, in ka ga fari-fari ko kore-kore, ta taɓa shan ruwa. Batir in ya kumbura yana wahalar fita, ka rage kuɗin sabo. Haɗa ta da manhajar kamfanin a wayarka, Quik ta GoPro ko Mimo ta DJI, domin jabu ba ta haɗuwa. Sannan ka ce, "Maigida, a kawo bokiti." Wanda ya yarda da kayansa zai aika yaro ya ɗebo. In ya fara kame-kame, akwai lauje cikin naɗi.

Ka ware kuɗin abubuwa uku tun kafin ciniki: memori mai alamar V30, batir na biyu, da mariƙi mai yawo a kan ruwa mai igiyar ɗaurawa a hannu. Memorin jabu ya cika kasuwa, a rubuce 128 a ciki 8, sai ka gama ɗauka ka tarar fayil ba ya buɗewa. Gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ranar aiki. Mariƙin kuwa, GoPro tsirara nutsewa take yi kamar dutse, kuma abin da ya faɗa dam ɗin Tiga ya tafi ke nan.

Mataki na 5: Zoben roba

Nan ne aikin yake. Kowane kwanso yana da zoben roba a bakin murfinsa, irin wanda kanikawa ke kira o-rin. Ruwa ba ya ratsa roba, ta gefenta yake bi in wani abu ya ɗaga ta: gashi, ƙwayar yashi, zaren tawul, igiyar mariƙi da ta maƙale. Mu da muke rayuwa da ƙurar hunturu wata uku zuwa huɗu a shekara, namu zoben ya fi na kowa shan wahala, zafi kuma yana busar da shi. Kwanson da ya kwana a but ɗin mota watan Afrilu bai kamata a yarda da shi ba sai an sake gwadawa.

Yi wannan aikin a ɗaki, a zaune, da haske, da daddare kafin ranar aiki. Ba a bakin kogi ba, mutane na jiranka, iska na kaɗa yashi.

Wanke hannu. In zoben mai cirewa ne, matsa shi da yatsu biyu daga gefe har ya yi ɗan tudu, ka zare shi da hannu ko gefen katin roba. Ban da allura, ban da reza, ban da farce mai kaifi. Goge ramin da yake kwanciya da tsumma mara zare, domin audugar goge kunne tana barin gashi. Wanke zoben da ruwa, ka yarfe shi ya bushe da kansa. Sai ka bi shi da yatsa a hankali, ido a rufe ma ya fi, yatsa yana jin tsagar da ido bai gani ba. In ka ji ko ɗaya, canza shi.

Man shafawarsa giris ne na silikon, kuma wanda kamfanin kwanson ya ce, saboda akwai zoben da wani giris ɗin ke kumbura shi. Ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero ya isa, ka ja zoben tsakanin yatsu har ya yi sheƙi kawai. Giris ba ya tare ruwa, santsi yake ba robar ta zauna daidai. In ka lafta da yawa, yashi ne zai manne. Basilin, man gyaɗa, man kaɗe da giris ɗin mota, duk a bar su inda suke, wasunsu cin robar suke yi a hankali. Robar ƙofar GoPro da DJI ba ta buƙatar mai ko kaɗan, tsabta kawai.

Mayar da zoben ba tare da ya murɗe ba. Saka kyamara da cikakken batir da memori mai fili, don kada ka sake buɗewa a waje. Rufe a hankali. In murfin yana gardama, kada ka danne shi da ƙarfi, wani abu ne ya tokare. Bayan ka datse, ɗaga kwanson a haske ka bi bakinsa da ido: in mai gani-ta-ciki ne za ka ga robar ta yi baƙin layi ɗaya da bai yanke ba. Inda layin ya yi haske, ta nan ruwa zai shiga. Kyamarori masu shiga ruwa babu kwanso kuma, ƙofar batir sai ta yi ƙas, kuma duk wanda ya cire ƙofar don ya jona caji ko makirfo ya mayar da ita kyamarar tudu.

Mataki na 6: Gwajin tishu

Sabon kwanso, ko wanda ya daɗe a ajiye, ko jakar waya, ba a fara gwada shi da kyamara a ciki. Dunƙule busasshen tishu ka saka, ka rufe, ka tura shi ƙasan duro cike da ruwa, ka danne da dutse. Bar shi awa ɗaya. Kafin ka ciro, tura hannu ka danna kowane maɓalli sau da yawa, domin su ma kowanne da ɗan zobensa. Ciro, goge bayan tas, juya murfin ya kalli ƙasa sannan ka buɗe, don ɗigon waje kada ya faɗa ciki ya ruɗe ka. Tishu ba ya ƙarya.

A wurin aiki kuma, tsoma a hankali, gilashi yana kallon ƙasa, ka ƙirga goma kana kallo. Kumfa biyu-uku da suka maƙale a jiki ba komai ba ne. Kumfa mai jerin gwano daga wuri ɗaya, ciro maza. Masu nutso sun daɗe da lura cewa yoyo ya fi faruwa a ruwa mara zurfi, saboda nauyin ruwa ne ke ƙara danne zoben, a sama kuwa sakwa-sakwa yake. Don haka kada ka yi tsalle da ita, shiga tukuna a miƙo maka.

Mataki na 7: Gumi

Wani lokaci ko ɗigo bai shiga ba, amma minti goma da shiga ruwa hoto ya yi hazo. Iska mai ɗumi da laima ce ka rufe a ciki, ta taɓa gilashin da ruwa ya sanyaya, ta zama raɓa, kamar jikin kwalbar lemo mai sanyi. Maganinta: rufe kwanson a ɗaki mai busasshiyar iska, mai na'urar sanyaya ɗaki in akwai. Saka 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ko siraran takardun tsotse laima da ake sayarwa don ƙananan kwansuna, ka tabbata ba su hau kan zoben ba. Kada ka bar kwanson a rana, lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. Kyamara a kashe sai za a ɗauka, domin zafinta na ƙara gumin, wani lokaci har ta kashe kanta.

Mataki na 8: A cikin ruwa

Matso kusa. In ka ga ka matso, ƙara matsowa. Duk taku ɗaya tsakaninka da abin da kake ɗauka datti ne da laka da kyamara za ta leƙa ta cikinsu, don haka mita ɗaya ko ƙasa da haka, a mafi faɗin kusurwa. Ruwa yana ruɗin ido: abu yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, gilashi mai shafaffen fuska kuma yana rage faɗin hoto. Gilashi mai kumburi kamar rabin ƙwarya shi ke gyara wannan, kuma da shi ake hoton nan da rabi ke sama rabi ke ƙasa.

Ruwa yana shanye launi bi da bi. Ja ne ke fara ɓacewa, wajen mita 5 ya tafi, sai ruwan lemo, sai rawaya. Jar filta ta ruwan teku mai shuɗi ce, ruwan dam mai kore kuma filta mai launin shunayya-ja yake so. A mita ɗaya ko biyu ba ka buƙatar ko ɗaya, hoton ne zai yi jawur. Ɗauka tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, rana a bayanka, a hoto 60 cikin daƙiƙa don ka iya rage gudu wajen tacewa. Fitila in a jikin kyamara take, dattin gaban gilashi za ta haska, hoto ya zama kamar ana sheƙa ƙura. Nisanta ta gefe da tsawon hannu. Kada ƙafarka ta taɓa ƙasa, laka in ta tashi sai ka yi dogon jira.

Waya ba ta iya sarrafa kyamara a ƙarƙashin ruwa, siginar ba ta ratsa shi. Sauti ma a kwanso gunji ne kawai, naɗi naka daban a tudu, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don haɗawa daga baya. Ɗigon da ke maƙalewa a gilashi in ka ɗago, masu wasan igiyar teku yawu suke shafa masa su tsoma, ruwan ya kwanta bai-ɗaya. Ba daɗin ji, amma yana aiki.

Kai ma ba IP68 ba ne. Kada ka shiga kai kaɗai, sa rigar da ke hana nutsewa in a jirgi kake, ka tambayi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin inda kada ko dorina ko rami yake, kuma izininsu shi ne izinin ɗauka. Inda mata ke wanka ko wanki, kyamara ta kalli wani wajen. Ruwan kududdufi da gefen dam mai dodon koɗi yana ɗauke da tsargiya. In sandar kyamara za ta iya aikin daga cikin jirgi, bar jikinka a bushe, in kuma ka shiga daga baya ka ga jini a fitsari, asibiti kai tsaye.

Mataki na 9: Bayan an fito, da ranar da ruwa ya shiga

Kada ka buɗe komai tukuna. Jiƙa kyamara ko kwanson a rufe cikin ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20, kana danna maɓallai don laka ko gishiri ko sinadarin wurin ninƙaya su fita. Ban da sabulu, ban da ruwan zafi. Goge, bar shi ya sha iska a inuwa, ka busar da hannunka da gashinka, sannan ka buɗe yana kallon ƙasa. Wajen ajiya kada ka datse murfin, zoben da ya kwana wata uku a matse ba ya komawa daidai. Da damina ajiye kyamarori da gilasai a robar abinci mai murfi da silika a ciki, saboda fumfuna. Silika mai launi tana faɗa maka in ta ƙoshi: mai ruwan lemo ta koma kore, mai shuɗi ta koma ruwan hoda, sai ka gasa ta a oven a digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu.

In kuma ka ga ruwa a ciki, juya gilashi ƙasa don ya taru nesa da kyamara, ka fito. Kashe ta, zare batir nan take, zare memori. Memori galibi yana tsira, goge shi ka bar shi ya bushe. Batirin da ya sha ruwa ajiye shi a waje kan yashi, nesa da abin da ke kamawa da wuta, kada ka sake cajinsa. Kada ka kunna kyamarar don ka gani ko tana yi, wannan kunnawar ce ke ƙarasa ta. Ban da rana, ban da abin busar da gashi, ban da buhun shinkafa: Apple ma ya fito ya gargaɗi mutane kan shinkafa, garinta ne ke shiga ramuka, ya kuma ce wayar da ta jiƙe a jira aƙalla awa 5 kafin a jona mata igiyar caji. Buɗe duk ƙofofin, sa ta gaban fanka, kuma in ruwan gishiri ne ko mai laka, kai ta wurin mai gyara a ranar ya buɗe ya wanke allon lantarkin cikinta da sipirit ɗin gyaran waya. Ka gaya masa gaskiyar irin ruwan da ta sha da awa nawa ke nan, kuma ka ce kada ya saka batir sai ya wanke.